An ɗinke jijiyar kafaɗa, to an warke ke nan? Yadda ake auna sakamakon magani

Idan aka yi wa mutum aikin kafaɗa, ko ya shafe wata uku yana zuwa wurin likitan fisiyo, tambayar da 'yan uwa ke yi masa ɗaya ce: ya jiki? Amsar ma ka san ta: da sauƙi. A gaisuwa wannan ya wadatar. Amma likitan da zai ba majinyaci na gaba shawara, da mai binciken da ke son sanin ko tiyata ta fi atisaye amfani, "da sauƙi" ba za ta ishe su ba. Lamba suke nema. A ciwon jijiyar kafaɗa kuwa wurare uku ake samo wannan lamba: hoto, awon da likita ya yi da hannunsa, da abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa. Sau da yawa ukun nan ba sa faɗin abu ɗaya. Idan kai ko wani naka yana gaban zaɓi tsakanin tiyata da atisaye, ga watanni na jinya ga kuɗi masu yawa, ya kamata ka san wace lamba ake nuna maka, da abin da take nufi.

Wace jijiya ake magana

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi: akwai ta jini, akwai ta laka mai kai saƙo, akwai kuma mai kama da igiya da ke haɗa tsoka da ƙashi. Ta ƙarshen nan muke nufi. Gaɓar kafaɗa ta fi kowace gaɓa a jiki juyawa, domin kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani ɗan gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa. Abin da ke riƙe shi a wurin yayin da kake ɗaga hannu shi ne tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka haɗu suka lulluɓe kan ƙashin. Likitoci na kiran wannan haɗaka rotato kof. Wadda ta fi yagewa a cikinsu ita ce ta sama, sufrasfinatus, mai taimaka maka ɗaga hannu ta gefe.

Yagewar iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya, kamar a faɗo daga babur ko a fizge hannu. Akwai kuma ta sannu a hankali, inda jijiyar ke sakwarkwacewa da shekaru har ta tsage ba tare da wani hatsari ba. Maganin ya haɗa da atisayen fisiyo, magungunan rage zafi, allura a kafaɗa, ko tiyata a ɗinke jijiyar a jikin ƙashi. Bayan ɗinki, hannu yakan zauna a rataye kamar mako 4 zuwa 6, cikakken dawowa kuma yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda.

Abin da hoto ke nunawa

Abu na farko da zai zo maka a rai shi ne a ɗauki hoto: idan jijiya ta haɗe an warke, idan ba ta haɗe ba aiki bai yi ba. Ana duba wannan da sikanin ko da na'urar MRI. Sai dai hoto yana da wata matsala tun kafin a fara magani.

A 1995 masu bincike a Amurka suka ɗauki hoton MRI na kafaɗun mutum 96 waɗanda ba sa jin ciwon komai. Kashi 34 cikin 100 suna da yagewa, babba ko ƙarama. A cikin waɗanda suka haura shekara 60, abin ya kai kashi 54. A Japan kuma, wani bincike da aka wallafa a 2010 ya duba mutum 683 a wani ƙauyen kan duwatsu da sikanin, aka sami yagewa a kashi 20.7 cikin 100 na kafaɗun da aka duba, da yawa daga cikinsu babu ciwo ko kaɗan. Wato dai mutum zai iya yawo da yagaggiyar jijiya yana noma yana ɗaukar kaya bai ma sani ba.

Bayan tiyata ma haka abin yake. Binciken da aka fi ambato a nan shi ne na Leesa Galatz da abokan aikinta a birnin St. Louis na Amurka, a 2004. Sun bi majinyata 18 da aka ɗinke musu manyan yagewa. Bayan shekara guda, sikanin ya nuna 17 daga cikin 18 jijiyarsu ta sake ɓallewa. Idan da hoto kaɗai za a yi hukunci, ai aikin ya rushe. Amma mutanen sun ce zafi ya ragu ƙwarai, kuma makin da suka ba kansu a wani ma'auni mai maki 100 ya tashi daga kusan 48 zuwa kusan 85. Bayan shekara 2 ya ɗan sauko zuwa kusan 80.

Kada ka ɗauka hoto ba shi da amfani. Bincike da dama sun nuna waɗanda ɗinkinsu ya kama sun fi ƙarfin ɗaga hannu. Hoto ne kuma ke koya mana abubuwan da ke hana ɗinki kamawa: yawan shekaru, girman yagewa, tsokar da ta daɗe ba ta aiki har kitse ya shige ta, shan taba, da ciwon suga. Shi ne ya nuna cewa yawancin sake ɓallewa yana faruwa ne cikin wata 6 na farko. Tambayar da hoto ke amsawa ita ce ko nama ya haɗe. Ko za ka iya kwanciya a kan wannan gefen har gari ya waye, wannan sai an tambaye ka.

Awon likita

A 1987 likitoci biyu a Ingila, Constant da Murley, suka fitar da ma'aunin da har yau ya fi yaɗuwa a Turai. Maki 100 ne, an raba su kamar haka: 15 na zafi, 20 na ayyukan yau da kullum irin su barci da sana'a, 40 na iyakar motsin hannu, 25 na ƙarfi. Ka ga maki 35 daga bakin majinyaci suke fitowa, 65 kuma daga awon likita.

Motsi ana auna shi da goniyomita, wani ma'aunin kusurwa mai kama da rula biyu da aka haɗa bakinsu. Za a ce ka ɗaga hannu gaba, ka ɗaga ta gefe, ka kai shi ƙeya, ka kai shi gadon baya, a rubuta inda ya tsaya. Ƙarfi kuma ana auna shi da sikeli mai ƙugiya, irin na masu awon kaya, ko da na'urar zamani: ka miƙe hannu ta gefe daidai kafaɗa, a ja ƙasa kana turjewa. Kowane fam ɗaya na nauyi, wato ƙasa da rabin kilo kaɗan, maki ɗaya ne, har zuwa 25.

A nan ne aibinsa yake. Dattijuwa mai shekara 70 da lafiyayyar kafaɗa ba za ta riƙe fam 25 a miƙe ba, don haka ba za ta taɓa samun 100 ba ko da babu abin da ke damunta. Shi ya sa ake gyara makin bisa shekaru da jinsi, ko a kwatanta da ɗaya kafaɗar. Sannan likitoci biyu za su iya auna mutum ɗaya su sami lamba daban, musamman wajen ƙarfi. Akwai kuma halin ɗan Adam: wanda ya yi aikin da hannunsa yana so ya ga ya yi kyau. Saboda haka a bincike mai inganci ana ba wani dabam awon, wanda bai san irin maganin da aka yi wa majinyacin ba.

Abin da majinyaci ya faɗa

Daga farkon shekarun 1990 hankali ya karkata zuwa takardun tambayoyi da majinyaci ke cikewa da kansa. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su.

Ma'aunin ASES, na ƙungiyar likitocin tiyatar kafaɗa da gwiwar hannu ta Amurka, ya fito a 1994. Maki 100 ne: rabi na zafi, rabi na ayyuka 10, kamar sa riga, taje kai, wanke baya, kai hannu kanta mai tsawo da kwanciya a kan gefen da ke ciwo. Shi ne aka yi amfani da shi a binciken St. Louis da muka ambata.

Ma'aunin kafaɗa na Oxford ya fito a 1996, tambayoyi 12 ne kan yadda mako huɗu da suka wuce suka kasance. A lissafin da ake bi yanzu, 48 ne mafi kyau, sifili mafi muni.

DASH shi ma na 1996 ne, tambayoyi 30 kan hannu gaba ɗaya daga kafaɗa zuwa yatsu, akwai kuma gajeren sa mai tambayoyi 11. Yi hattara da shi, domin lissafinsa a juye yake: sifili ne lafiya lau, 100 kuma naƙasa mai tsanani.

WORC, daga Ontariyo ta Kanada a 2003, an tsara shi ne musamman don ciwon waɗannan jijiyoyi huɗu. Tambayoyi 21 ne, har da na halin zuciya, kamar takaici da fargabar abin da ciwon zai yi wa sana'arka.

Akwai ma mai tambaya ɗaya tak: idan lafiyayyar kafaɗa 100 ce, taka nawa za ka ba ta yau?

Wani zai ce ai wannan ra'ayi ne kawai, ina kimiyya a ciki? To, kafin a yarda da irin wannan takarda sai ta ci jarrabawa uku. Idan mutum ya cike ta yau ya sake cikewa bayan 'yan kwanaki ba tare da ciwonsa ya canza ba, makin ya zo kusan ɗaya. Makin ya tafi daidai da sauran alamomin da aka sani na ciwon. Idan kuma ciwon ya canza da gaske, makin ya motsa. Kuma ka tuna abin da ya kawo mutum asibiti tun farko zafi ne da kasa aiki, waɗannan kuwa babu na'urar da ta fi mai su sanin su.

Maki nawa ne sauƙi

A ce makinka ya tashi daga 60 zuwa 64. An samu ci gaba? A takarda, e. A jiki, da wuya ka ji bambanci. Wannan ne ya sa a 1989 masu bincike a jami'ar McMaster ta Kanada suka kawo tunanin mafi ƙarancin canjin da majinyaci zai ji a jikinsa ya ce lalle an samu sauyi. Yadda ake gano shi ba wuya: a auna mutane kafin magani da bayansa, a tambaye su ko sun ji sauƙi, sannan a duba yawan makin da ya raba waɗanda suka ce "na ɗan ji sauƙi" da waɗanda suka ce "ina nan yadda nake".

A ciwon jijiyar kafaɗa, wani bincike a Finlan a 2013 ya sami kusan maki 10 a ma'aunin Constant. A ma'aunin zafi mai tafiya daga sifili zuwa 10, wani bincike a jihar Utah ta Amurka a 2009 ya sami 1.4. Wannan binciken ya kuma duba wata tambaya dabam: a wane mataki ne mutum zai ce zan iya zama da wannan? Amsar ta zo kusan 3 cikin 10. Bambancin tambayoyin biyu yana da muhimmanci. Wanda zafinsa ya sauko daga 9 zuwa 6 ya samu sauƙi na gaske, amma har yanzu ba ya barci. Don haka rahoto mai kyau yakan faɗi mutum nawa cikin 100 suka haye wannan iyaka, domin matsakaicin maki yana iya ɓoye cewa wasu sun warke sarai wasu kuma ko gezau.

Idan ka karanta cewa wani magani ya fi wani "a lissafin ƙididdiga", ma'anarsa bambancin da wuya ya zama na sa'a kawai. Bai gaya maka girmansa ba. A bincike mai mutane da yawa, bambancin maki 2 ma yana iya cin wannan jarrabawa.

Da wa aka kwatanta

Ga wani tarko. Mutum yakan je asibiti ne lokacin da ciwo ya kai maƙura. Ciwon kafaɗa kuwa yana hawa yana sauka, don haka ko me aka yi masa a ranar, akwai yiwuwar bayan wata uku ya fi yadda ya zo. Ƙara da hutun da ya samu, da atisayen bayan tiyata, da imanin cewa an yi masa babban aiki. Duk waɗannan suna ɗaga maki. Hanya ɗaya ta ware rabon tiyatar kanta ita ce a raba majinyata ta hanyar ƙuri'a a kwatanta su.

Misali mafi shahara shi ne binciken CSAW da aka yi a asibitoci 32 na Birtaniya, aka wallafa a mujallar Lancet a 2018. Mutum 313 ne masu ciwon kafaɗa da jijiyarsu ba ta yage gaba ɗaya ba. Rukuni na farko an shiga da ƙaramar kyamara an kankare ƙashin da ke rufin kafaɗa don a ba jijiya fili, aikin da ake yi wa dubban mutane duk shekara. Na biyu an sa su barci an shiga da kyamarar an duba, ba a kankare komai ba, kuma ba su san wanne aka yi musu ba. Na uku ba a yi musu aiki ba. Bayan wata 6, a ma'aunin Oxford, na farko sun sami 32.7, na biyu 34.2, na uku 29.4. Kowa ya samu sauƙi. Kankare ƙashin bai ƙara komai a kan leƙawa kawai ba, ratar da ke tsakaninsu da waɗanda ba a taɓa ba kuma ba ta kai 4.5 da masu binciken suka ɗauka a matsayin bambanci mai ma'ana ba a rukunin da aka kankare. Da a ce rukuni na farko kaɗai aka bi, da an ce aikin ya yi nasara.

Yaushe aka auna

Lokacin awo ma yana canza amsa. A Finlan, Kukkonen da abokan aikinsa sun raba kafaɗu 180 na mutanen da suka haura shekara 55, masu yagewar jijiyar sama da ba hatsari ya jawo ba, zuwa rukuni uku: atisaye kaɗai, kankare ƙashi da atisaye, ko ɗinki tare da su. Bayan shekara 1, da kuma bayan shekara 2, babu bambancin a zo a gani a makin Constant.

A Norwe kuma, Moosmayer da abokan aikinsa sun bi mutum 103 masu ƙanana da matsakaitan yagewa, rabi ɗinki rabi fisiyo. A shekara ta 5 masu ɗinki sun fi da kusan maki 5, abin da bai kai iyakar da muka faɗa ba. A shekara ta 10 ratar ta kai kusan maki 10. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yagewar da ba a ɗinke ba tana ƙara faɗi a wasu mutane. Ka ga binciken biyu ba ƙaryata juna suke yi ba. Ga mai shekara 72 da ke son ya yi barci ya sa rigarsa, sakamakon shekara 2 na iya zama abin dubawa. Ga mai shekara 50 da ke da sauran shekaru 15 na aikin ƙarfi, na shekara 10 ya fi shafarsa. Yagewar farat ɗaya a jikin matashi kuwa wani babi ne dabam, likitoci sukan so a ɗinke ta da wuri kafin tsoka ta janye.

Sai kuma waɗanda ba su dawo ba. Idan asibiti ya yi wa mutum 100 aiki, 40 kaɗai suka dawo awon shekara, makin waɗannan 40 ba labarin kowa ba ne. Wani bai dawo ba don ya warke, wani don ya fid da rai ya koma wurin mai ɗori, wani kuma kuɗin mota ne babu. Duk rahoton da bai faɗi mutum nawa suka ɓace ba, karanta shi da taka-tsantsan.

Tambayoyin da aka rubuta don wata rayuwa

Duk waɗannan takardu an rubuta su ne da Turanci, don mutanen Turai da Amurka ta Arewa. Na Oxford yana tambaya ko kana iya cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu a lokaci ɗaya, da ko kana iya rataye kaya a kabad. ASES yana tambayar jifan ƙwallo ta saman kai. Matar da ke ƙauye a Jigawa ko Maraɗi, abin da kafaɗa ta hana ta shi ne daka, jan guga daga rijiya, ɗora tulu a ka, goya yaro da ɗaura ɗankwali. Manomi kuma fartanya ce ta gagare shi. Za su iya samun maki mai kyau a takarda alhali aikin da suke ci da shi ya tsaya.

Fassara kalma da kalma ba ta magance wannan. Ƙa'idar da masu bincike ke bi ita ce mutum biyu su fassara daban-daban, a haɗa, wasu su mayar da ita harshen asali don a ga ko ma'ana ta zame, kwamiti ya duba, sannan a gwada ta a kan majinyata na gaske. An yi irin wannan aiki da Hausa: masu binciken fisiyo a Jami'ar Bayero ta Kano sun fassara ma'aunin zafi na sifili zuwa 10 da ma'aunin Oswestry na ciwon baya, suka gwada su har a kan waɗanda ba su yi karatun boko ba, ta hanyar karanta musu tambayoyin. Likitocin fisiyo kuma suna da wata dabara mai sauƙi da ke aiki a kowane harshe: majinyaci ya zaɓi ayyuka uku zuwa biyar da ciwon ya hana shi, ya ba kowanne maki daga sifili zuwa 10, a riƙa bibiyar waɗannan ayyukan nasa a kowace ziyara.

Abin da za ka yi da wannan

Idan za a fara maka magani, nemi a auna ka tun ranar farko: zafi daga sifili zuwa 10 da rana da kuma da dare, iyakar ɗaga hannu, da ƙarfi idan akwai abin awo. In babu lambar farko, ta ƙarshe ba ta da abin kwatance. Rubuta ayyukanka uku a takarda ka ajiye, ka sake ba su maki bayan mako 6, wata 3, wata 6 da shekara guda.

Idan an ba ka shawarar tiyata, ga tambayoyin da suka dace ka yi wa likita cikin ladabi: yagewar tawa ta hatsari ce ko ta shekaru, kuma yaya girmanta? Me ake sa ran aikin zai gyara, zafi ko ƙarfi ko duka biyun? Masu irin shekaruna da irin yagewata, yaya ɗinkinsu ke kamawa? Idan na fara da atisaye na wata uku, me zan rasa? Tambayar ƙarshen nan tana da tushe: wani babban bincike a Amurka a 2013, mai mutum sama da 400 da yagewar da ba ta hatsari ba, ya nuna kusan uku cikin huɗu ba su nemi tiyata ba har shekara 2 bayan sun bi tsarin fisiyo.

Idan kuma sikanin bayan aiki ya nuna ɗinki bai kama duka ba, alhali kana barci kana sana'arka, kada hoton ya tayar maka da hankali. Ka zauna da likitanka ku duba ƙarfin hannun ku tsara yadda za a riƙa bibiya. In kuwa hoto ya yi kyau amma zafi na nan, ka faɗa a rubuta, domin wannan ma sakamako ne, kuma yana iya nuna cewa ciwon daga wani wuri yake, kamar wuya ko sandarewar gaɓar kanta.